Jinyar Gida Ba Kuɗi Kaɗai Take Bukata Ba

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, akan sallamo tsoho daga asibitin Kafanchan, a mai da shi gida Kagoro saboda cutar daji ta gagari magani. To, ko an fid da ran warkewa, jinya ba ta ƙare ba.

A Uganda, Likita Anne Merriman ta kafa Hospice Africa cikin 1993, ta nuna cewa ruwan mofin, in ana ba majinyaci duk bayan awa huɗu bisa umarnin likita, yana kwantar da azaba a gida.

Saboda haka mai aikowa da kuɗi ya tabbatar da abu uku: magani kan lokaci, ƙwararren ma'aikacin lafiya mai zagayowa, da masu jinya biyu suna karɓa-karɓa, kada gajiya ta kā da mutum ɗaya.