Lemo ba ya jiran mai saye: jawabin mata masu sayar da kayan marmari

Hajiya shugaba, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa, da mazajenmu da suka bar mu muka zo, sannunku da zuwa.

Mu dai maganarmu ta lemo ce. Kun san yawancin lemon zaƙin da muke kasawa daga Binuwai yake tasowa, a sauke shi a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, sannan mu saro. Kafin ya iso hannunmu ya sha hanya, ya sha rana. Da can sai mu jingine buhu a ɗaki, muna ɗiba a hankali. Ashe wake ɗaya ke ɓata gari. Ƙwaya ɗaya in ta fashe a ƙasan buhu, sai ta ja 'yan uwanta. Akwai 'yar uwarmu da ta zuba kuɗin adashinta kaf a lemo, wallahi ko uwar kuɗi ba ta fitar ba.

Ajin yaƙi da jahilci ne ya buɗe mana ido. Da muka iya riƙe biro, muka fara rubuta abin da muka saro, da wanda muka sayar, da wanda muka zubar. Nan muka gane ribarmu a bola take kwana.

Yanzu ranar da kaya suka sauka muke zazzage buhu, mu baza a inuwa, mu kasa kashi 3. Lafiyayye ya tafi tire. Mai tabo a matse shi a ranar, a sa ƙanƙara, a sayar kafin magariba, don ruwan lemo ba ya kwana. Ruɓaɓɓe kuwa a raba shi da sauran nan take. Ɓawon ma muna shanyawa, masu zoɓo na so. Lemon tsami in ya fara laushi, mu kai wa masu awara da masu shayi.

Roƙonmu biyu ne. Mu riƙa haɗa kuɗi muna saro tare, mota ɗaya. Sannan asusun ƙungiya ya ranta mana kuɗin injin matsa lemo da firji mai sola kafin hunturu, lokacin da lemo ke yawa. Za mu biya duk wata, ga littafinmu a duba.

Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa albarka a kasuwa, Ya mai da kowa gida lafiya.