Auna Haɗari Kafin Ya Auku: Jawabi Kan Gobarar Gas ta Lafiya



Maganar da aka ɗora mini in gabatar a gabanku ta shafi wani fannin ilmi da ake kira auna haɗari, watau yin lissafin ɓarnar da abu zai iya jawowa tun bai jawo ba. Tun da yake a Lafiya muke, ba sai mun je nesa neman misali ba.

Ran Talata, 10 ga watan Satumba 1918 ba a san motar dakon gas a ƙasar nan ba. Shekara ɗari bayan haka, ran Litinin 10 ga Satumba 2018, wata babbar mota mai ɗauke da iskar gas ta kama da wuta a wani gidan mai da ke kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta Jihar Nasarawa ta ba da sanarwa a lokacin cewa mutum 35 sun rasu, fiye da 100 kuma sun jikkata. Ta kuma faɗi wani abu da ya kamata kowa ya riƙe: da yawa daga cikin waɗanda suka rasu ba ma'aikatan wurin ba ne, mutane ne da suka rugo don su ga abin da ke faruwa. Allah ya jiƙansu.

Na san abin da aka saba faɗi in irin wannan ya auku. Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban zo in yi jayayya da wannan ba. Amma manomin da ya shanya ridi ko egusi a tsakar gona, in ya ɗaga kai ya ga hadari ya haɗu a gabas, ba ya zama ya ce ai jiƙewa ba ta wuce ranarta. Yakan dubi baƙin gajimaren, ya ji inda iska ta dosa, ya ƙiyasta asarar da zai yi, sa'an nan ya kira yara a kwashe. Abin da manomin nan ya yi da ido, shi ne masana ke yi da takarda da alƙalami.

Da yake aikina fassara ne, bari in ɗan tsaya kan wata kalma. A Hausa mukan ce abu yana da haɗari, ko hatsari, mu nufi abubuwa biyu da masu wannan ilmi suka raba. Na ɗaya shi ne abin da ke iya cutarwa, kamar wuta ko guba ko ruwan kogi. Na biyu shi ne yiwuwar ya cutar ɗin, da yawan ɓarnar da zai yi. Rijiya mai murfi da rijiya buɗaɗɗiya zurfinsu ɗaya ne, amma uwar da ke da yaro mai rarrafe ta san ba ɗaya suke ba. Ba mu da ikon rage zurfin rijiya, muna dai da ikon sa mata murfi.

A shekarar 1981 wasu masana biyu a Amurka, Stanley Kaplan da John Garrick, suka taƙaita aikin duka cikin tambayoyi uku: mene ne zai iya ɓaci, yaya kusancin aukuwarsa, in kuma ya auku me zai biyo baya. To, mu ɗora tambayoyin nan a kan gas ɗin girki.

Gas ɗin da ke cikin tukunyar da muke saya ruwa ne, domin an matse shi. Da zarar ya sami kafar fita sai ya koma iska, kuma lita ɗaya ta ruwan takan zama wajen lita 250 ta iska. Ba ya bukatar yawa kafin ya kama: in ya kai kashi biyu cikin ɗari na iskar da ke wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Ku yi lissafin da kanku. Lita ɗaya tak ta ruwan gas tana iya mai da iskar ƙaramin ɗaki ta zama abin da ke jiran ashana. Tukunya mai kilo 12.5 tana ɗauke da fiye da lita 20. Motar da ta ɗauko tan 20 kuwa, daidai take da irin wannan tukunya 1,600 a jere.

Abu na biyu da jama'a ba su cika sani ba, gas ɗin nan ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. Ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, yana malala kamar ruwan da ba a gani, yana shiga lambatu da ramuka da ƙarƙashin motoci, har ya iske wuta a inda take: murhun mai tuyar ƙosai, ko garwashin mai shayi, ko injin babur da aka tayar. Daga nan wutar sai ta biyo sawunsa ta komo har gindin motar. Saboda haka mutumin da ya tsaya can gefe yana kallo, yana ganin ya ba da tazara, watakila a tsakiyar gas ɗin yake tsaye bai sani ba. Asalinsa ma ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya yi mana gargaɗi.

Akwai na uku, wanda ya fi muni. In wuta ta daɗe tana lasar jikin tanki, ruwan da ke ciki yakan tafasa, ƙarfen ya yi laushi, sai tankin ya tsage gaba ɗaya, duk abin da ke ciki ya tashi a dunƙule. Wannan yakan zo ne bayan wasu mintoci da fara gobarar, watau daidai lokacin da 'yan kallo suka gama taruwa.

Masu binciken manyan haɗurra a duniya sun lura cewa da wuya kuskure ɗaya ya kashe jama'a da yawa. Kariya hawa-hawa ce, kamar gidan da aka kewaye da zana bayan zana. Kowace zana tana da ɓula, amma akuya ba ta shiga sai ɓulolin sun zo saiti ɗaya. Lafiyar tiyo da bawul zana ce. Horon ma'aikaci zana ce. Dakatar da ciniki da tsayar da ababan hawa a lokacin sauke kaya zana ce, haka na'urar da ke jin ƙamshin gas ta yi ƙara, haka isowar 'yan kwana-kwana da wuri. A ganina wadda ta fi duka ƙarfi ita ce tazara, domin ita kaɗai ce ba ta gajiya, ba ta mantuwa, ba ta kuma lalacewa. Wurin da babu mutane, ko tanki ya fashe ƙarfe ne kawai zai ƙone.

Duniya ta koyi wannan da tsada a shekarar 1984. A watan Nuwamba wata babbar ma'ajiyar gas ta fashe a San Huwaniko, kusa da birnin Meziko, mutum wajen 500 suka mutu. Makonni biyu bayan haka iska mai guba ta tsere daga masana'antar maganin ƙwari a Bofal ta ƙasar Indiya, ta kashe dubbai cikin dare ɗaya. A wuraren biyu duka, gidajen talakawa sun riga sun matso har jikin katangar masana'anta.

Wannan shi ne abin da ya kamata mutanen Lafiya su yi wa kallon tsanaki. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba 1996 aka mai da Lafiya hedkwata, garin yake ta miƙewa a kan hanyoyin Makurɗi da Akwanga da Shandam da Doma. Filin da yake bayan gari a lokacin da aka ba da izinin gina gidan mai, yau yana iya zama tsakiyar unguwa, ga makaranta a dama, ga tashar babura a hagu. Mai gidan man bai matsa ba, gari ne ya zo ya same shi. Ashe ke nan lissafin da aka yi shekara 20 da suka wuce ba ya aiki yau, dole a sake shi. Haka abin yake a Kano da Kaduna da Gusau da kowane gari mai girma.

To, wa ke da alhakin wannan lissafi? Dokokinmu na kare muhalli su ma wahala ce ta haife su. A 1988 aka gano an jibge dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko, wanda ke cikin Jihar Delta a yanzu. A shekarar nan Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta farko, sa'an nan a 1992 aka yi Doka mai lamba 86, wadda ta wajabta a auna illar kowane babban aiki ga mutane da ƙasa da ruwa kafin a fara shi. A 2007 aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin ƙa'idojin muhalli. Lasisin gidajen mai da na gas kuwa, tun bayan dokar man fetur ta 2021, yana hannun hukumar NMDPRA. Izinin fili da na gini na hukumomin tsara birane na jihohi ne.

Akwai wani haƙƙi da tsarin dokar 1992 ya ba ku wanda kaɗan ne ke amfani da shi. In an rubuta rahoton auna illar wani babban aiki, akan ajiye shi a fili har kwanakin aiki 21, a ofisoshin muhalli da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, domin kowa ya karanta ya kawo ƙorafinsa a rubuce. Gaskiya ne rahotannin da Turanci suke, masu kauri ne kuma. Amma babu unguwar da ta rasa malamin makaranta ko ɗalibin jami'a da zai karanta wa mai unguwa da dattawa. Injiniya ya san ƙarfin tanki, amma ku kuka san inda ruwa ke kwanciya da damina, da hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo, da ranar da kasuwa ke cika har ta toshe titi. Lissafin da babu wannan sani a cikinsa ragagge ne.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya faru a Lafiya bai zama na ƙarshe ba. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar fetur ta faɗi a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, jama'a suka fito kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 170 suka rasu. Ran 18 ga Janairu 2025 aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, aka rasa fiye da 80. Bayan wannan ne hukuma ta hana loda wa tankoki masu ɗaukar lita 60,000 mai, daga 1 ga Maris 2025. Masu cewa jahilci ne ya kai mutanen nan ga wuta ba su faɗi gaskiya duka ba. Wanda ya ɗauki bokiti ya nufi tanka ya yi nasa lissafin: ya ga kuɗin jarka ɗaya, ya ga wasu sun ɗiba sun tsira. Inda lissafin ya karye shi ne tambaya ta uku, domin abin da ya sa a faifai ba jarka ba ce, ransa ne da abincin 'ya'yansa na sauran shekaru.

Wuta dai ana ganinta. Akwai haɗarin da ke aiki a ɓoye, shi ma ya shafi jihar nan da ake yi wa kirari da gidan ma'adinai. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya da Bagega. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma, ana kuma daka shi ana niƙa shi a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 aka sake ganin irinsa a Shikira ta Jihar Neja. Yanzu da haƙar litiyam ta bunƙasa a Nasarawa, har aka buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024, ga kuma aikin barayit na Azara da ya daɗe, ya kamata a yi tambayoyin nan uku a bakin kowane rami. Ba kowane dutse ke da dalma ba, amma ƙurar dutse kowace iri tana cin huhu a hankali, ramin da ba a tokare ba yana ruftawa, ruwan wanki kuma rafi yake komawa. Kada a kai dutse gida, kada a niƙa shi a bushe, kada a sa yara.

Ambaliya kuwa ta fi sauran sauƙin hange. Mazauna bakin Binuwai, daga Tunga har Loko, sun ga ruwan 2012 da na 2022. Kowace shekara kafin damina hukumar NIHSA takan fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ruwa zai ci, akan kuma yi shela in za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Hakimai su nemi wannan jeri, su tsai da tudun da za a koma tun rani.

Saura abin da ya rage ga mai gida da uwargida. A ajiye tukunyar gas a tsaye, inda iska ke ratsawa, nesa da murhun itace. A duba tiyo da ruwan kumfar sabulu, ba da ashana ba: inda kumfa ta yi ƙwai, nan ne yake yoyo. Kada a yarda mai sayarwa ya cika tukunya maƙil, domin ruwan yana kumbura da zafin rana, shi ya sa ake barin wajen kashi ɗaya cikin biyar babu kome. In an ji warin gas a ɗaki, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki ko don a kashe ne. In kuwa babbar mota ce ta faɗi ko take yoyo a hanya, a kashe injin, a bar abin hawa a nan, a tafi da ƙafa ta wajen da iska ke fitowa, a nufi tudu ba gangare ba, a kuma kore yara. Sai an yi nisa sosai sa'an nan a buga lambar gaggawa 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra a kan hanya.