Jawabi Kan Man Kifi Da Jinkirin Haihuwa

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, 'yan'uwa.

Ƙwayar man kifi, omega 3, ta cika kasuwa, wai tana warkar da PCOS, lalurar da ke rikita al'adar mace, ta fito mata da gashi a haɓa, ta jinkirta haihuwa. To, mu 'yan kasuwa mun san daɗin bakin mai talla. Man kifi na rage kitsen jini, amma ba ya warkar da ita. Kifin titus ma yana da shi.

Maganin da ke sa ƙwai ya fito, kamar letrozole, likitan mata ke rubuta shi. Mu kai matanmu asibiti, mu ma a auna mu, mu bar yi musu gori. Haihuwa ta Allah ce, neman magani namu ne.