Zaɓen Jirgin Fito: Jawabi Ga Matafiyan Wurno Da Rabah Da Goronyo

Kowa ya sani da damina ta yi nisa, Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato sukan batse, mashigan da ake ratsawa da ƙafa su gagara, sai a koma ga fito. Ƙarfin ruwa kuwa yakan ƙaru idan aka buɗe ƙofofin madatsar Goronyo.

A ranar Lahadi, 17 ga Agusta, 2025, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar cin kasuwar Goronyo, aka yi hasarar rayuka. Saboda haka ya wajaba kowane matafiyi ya san irin jirgin da zai shiga.

Da fari, mutum ya nemi matuƙin da Sarkin Ruwa da mutanen gari suka sani, wanda ya daɗe yana fito a wannan mashigi, ya san zurfi da wurin da igiyar ruwa ke juyawa. Kada a yarda yaro ya tuƙa.

Na biyu, a duba jirgin kansa. In katakonsa ya ruɓe, ko an toshe huda da tsumma, ko ana ta kwarfar ruwa tun yana bakin gaɓa, to, a haƙura da shi.

Na uku, a lura da lodi, domin shi ne ya fi kifar da jirage. Idan aka jibga mutane da buhuna da babura har bakin jirgi ya kusa taɓa ruwa, iska kaɗan ta isa ta cika shi. Gara a jira sawu na biyu, sauri ya haifi nawa.

Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana fito da dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya, watau wadda ke hana mutum nutsewa. Matuƙin da ya raina wannan doka bai cancanci a ba shi amanar rai ba.

In an shiga, kowa ya zauna, kada a miƙe. In kuwa jirgi ya kife, a riƙe jikinsa, gama katako yakan yi yawo bisa ruwa har taimako ya iso.

Ana roƙon hakimai da dagatai da limamai su isar da wannan gargaɗi ga jama'arsu. Allah ya kiyaye hanya, amin.