Askirim Da Zafin Bazara

 Na gode wa dagaci da malaminku da suka tara ku. Yau ba zancen baƙi da wasali ya kawo ni ba. Zancen abin daɗi ne, watau askirim, da ƙanwarsa ƙanƙarar leda wadda yara ke talla ran kasuwa.

Ga shi bazara ta kama, iska ta tsaya, mangwaro ya nuna. Yaro ya hangi mai akwatin sanyi sai ya kama rigar ubansa. Uban ya saya masa, yana cewa a ransa, "Abin da ya daskare haka, ina cuta za ta zauna a cikinsa?"

To, nan kuskuren yake. Wuta ita ke kashe ƙwayoyin cuta. Sanyi kuwa barci kurum yake sa yawancinsu. Da sun shiga ciki sun ji ɗumi, sai su farka su kama aikinsu. In an yi ƙanƙara da ruwan kududdufi, ruwan kududdufi ka sha, ko da an zuba masa sukari da jan launi. Ta haka amai da gudawa ke shiga gida, haka kuma zazzaɓin taifot. Shi taifot ba ya nuna kansa sai bayan mako 1 ko 2, wani lokaci har 3. Kafin nan kowa ya manta da abin da yaro ya sha a kasuwa, sai a ce iska ce ko sammu.

Bari in ba ku wani labari na gaskiya. A shekarar 1906, a wani gari wai shi Oyster Bay kusa da birnin New York a ƙasar Amurka, wani attajiri ya ɗauki wata mai dafa abinci, sunanta Mary Mallon. Ba a jima ba mutum 6 cikin 11 na gidan suka kwanta da taifot. Aka duba ruwan gidan, ba a ga laifinsa ba. Sai aka kira wani mai bincike, George Soper. Shi ya gano cewa Mary tana ɗauke da ƙwayoyin cutar a cikinta, alhali kuwa ita lafiyarta lau. Ya ce abincin da ta dafa wuta ta tsarkake shi. Abin da ya zarga shi ne askirim da takan haɗa da ɗanyun 'ya'yan itace, wanda hannunta ya taɓa, wuta ba ta taɓa ba. Kun ji fa, gidan attajiri ne.

Kada ku ce na zo in hana yara jin daɗi. A'a. Na zo in koya muku yadda za ku yi naku a gida. Ba sai da injin sanyi ba. Tun a shekarar 1843 wata mace a Amurka, Nancy Johnson, ta ƙera abin yin askirim da hannu, ba lantarki, ƙanƙara da gishiri kawai. Dalili kuwa, ƙanƙara ita kaɗai ba ta iya daskarar da madara mai sukari. Amma in an zuba mata gishiri sai ta riƙa narkewa tana jan zafin abin da ke kusa da ita, sanyinta ya ƙaru ƙwarai.

Ga yadda ake yi. Da farko a wanke hannu da sabulu. A sami madarar shanu kofi 2, a ɗora a wuta har ta tafasa, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka da cutar bakkale daga saniya. A zuba sukari cokali 4. In babu sukari, ai mu nan ƙasar rake muke, ga mazarƙwailar Makarfi da Kudan, a jefa ta cikin madarar su tafasa tare. A sauke, a rufe, a bari ta huce. Sa'an nan a wanke nunannen mangwaro, a fere, a dama shi, a zuba. Wanda ya fi son dabino, ko ayaba, ko ɗan citta da kanumfari, duk ya yi. Tsamiya da zoɓo kuwa kada a haɗa su da madara, za su tsinka ta. Su da tafasasshen ruwa ake yinsu.

Sai a juye a ƙaramin gwangwani mai murfi, kada a cika shi, a rufe tam. A sa shi tsakiyar bokiti, a kewaye shi da farfasasshiyar ƙanƙara kwano 4 da gishiri kwano 1. A lulluɓe da buhu, a yi ta jujjuya gwangwanin kamar minti 20. Ku lura, ƙanƙarar da aka sayo tana waje, ba ta taɓa abin da za a sha ba. A goge murfin kafin a buɗe, a sha nan take. Abin da ya narke kada a ajiye shi ya kwana.

Wanda bai sami ƙanƙara ba, randa tana nan. Kunun aya ko farau-farau da aka yi da tafasasshen ruwa, a sa a kwalba a tsoma cikin randa a inuwa, ya ishi mai azumi buɗe baki.

Aikinku na gobe shi ne kowa ya rubuta wannan a littafinsa da hannunsa: "Sanyi ba ya kashe cuta, a tafasa tukuna." In kun koma gida ku karanta wa iyalinku. Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu damina lafiya. Amin.