Albashin Fasto, Asusun Ikkilisiya da Muryar Jama'a

 

Batun da aka ɗora mini yau batu ne da muke yawan tattaunawa a ƙarƙashin bishiya bayan an tashi daga sujada, amma da zarar an shiga ɗakin taro sai kowa ya sunkuyar da kai. Maganar kuɗi ce: nawa ake biyan fasto, ina baiko da zakka suke tafiya, kuma wa ke da ikon cewa a kashe ko kada a kashe. Mutane kan ɗauki waɗannan a matsayin tambayoyi uku daban-daban. Ni a ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ikkilisiyar da ba ta karanta lissafinta a gaban jama'a ba za ta iya biyan makiyayinta da adalci ba, ba kuma za ta iya kare shi daga zargi ba. Abin da na zo in faɗa ke nan, sauran duk bayani ne.

Inda muka fito

Yawancin ikkilisiyoyin da ke sujada da Hausa a Arewacin Nijeriya sun taso ne daga aikin 'yan mishan. Mutanen ƙungiyar mishan ta SIM sun fara isowa a 1893. Ayarin Karl Kumm na ƙungiyar mishan ta SUM ya sauka Wase a 1904. 'Yan mishan na ikkilisiyar 'Yan'uwa sun yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Daga waɗannan saiwoyi aka sami ɗarikun ECWA da COCIN da EYN da 'yan'uwansu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya zama littafin da Bura da Ngas da Tangale da Bajju suke karantawa tare.

Tun a tsakiyar ƙarni na 19, Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a Ingila, ya riƙa koyar da cewa ikkilisiyar da aka kafa a wata ƙasa ba ta girma ba sai ta iya abu uku: ta mulki kanta, ta ɗauki nauyin kanta, ta yaɗa bishara da kanta. Iyayenmu sun ɗauki wannan da gaske. Mai bishara na farko a ƙauye ba ya jiran albashi daga Turai. Jama'a kan ba shi gona, su yi masa gayya da damina, su kai masa damin dawa da kaka, mata su kawo itace da kayan miya. A 1948 masu bi 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar bishara wadda daga baya aka sani da EMS, suna tura masu wa'azi da kuɗin aljihunsu, shekara shida kafin ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954.

Ku lura da wani abu a wancan tsari. Baiko na wancan lokaci ana ganinsa da ido. Damin da aka kawo kowa ya ƙirga shi, rumbun da aka zuba shi kowa ya san inda yake. Yau baiko ya koma ambulan da tura kuɗi ta waya, ya shiga asusun banki da mutum biyu ko uku kaɗai suka san abin da ke cikinsa. Kuɗi sun ƙaru, gani ya ragu. Abin da ido ke yi wa iyayenmu a da, dole takarda ta yi mana shi yanzu.

Haƙƙin makiyayi

Akwai wani tunani da ya daɗe a cikinmu, wai talauci shi ne alamar kira, kuma faston da ya tambayi albashinsa ya fara son duniya. Wannan tunani ba daga Littafi Mai Tsarki ya fito ba. A sura ta 9 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, Manzo Bulus ya kafa hujja a kan cewa mai aikin bishara yana da haƙƙin ci daga aikinsa. Gaskiya ne shi kansa ya ajiye wannan haƙƙi a Korinti, ya yi sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskilla. Amma shi ya zaɓi ya ajiye, ba majalisar dattawa ce ta hana shi ba. Sadaukarwar da mutum ya yi da yardarsa ibada ce. Wadda aka tilasta masa zalunci ce, ko da an lulluɓe ta da kalmomin ruhaniya.

Sura ta 13 ta littafin Nehemiya ta nuna mana sakamakon wannan sakaci. Da Nehemiya ya dawo Urushalima, ya tarar an daina ba Lawiyawa da mawaƙa rabonsu, don haka kowannensu ya koma gonarsa, aka bar Haikali ba mai hidima. Nehemiya bai tsawata wa Lawiyawan ba, shugabanni ya tsawata wa. Sa'an nan ya naɗa amintattun mutane huɗu su kula da ɗakunan ajiya, su riƙa raba wa 'yan'uwansu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Makiyayin da 'ya'yansa aka koro daga makaranta saboda kuɗi, da wace zuciya zai zauna ya shirya wa'azin Lahadi?

Mu kawo maganar zamaninmu. A 2024 gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, bayan cire tallafin man fetur a 2023 ya ɗaga farashin komai. Ina roƙon kowane dattijo da ke nan ya tambayi kansa: abin da muke ba mai bisharar ƙauyenmu ya kai wannan? Dokar fansho ta 2014 ta tsara cewa ma'aikaci ya ajiye kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 10. Mu me muke ajiye wa faston da zai tsufa a hannunmu? Na taɓa halartar jana'izar wani tsohon fasto da ya yi hidima a ƙauyuka har ƙarfinsa ya ƙare. Ba a gama zaman makoki ba aka fara tambaya yaushe matarsa za ta fita daga gidan ikkilisiya, domin sabon fasto na zuwa. Ba ta da inda za ta. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau.

Akwai kuma ratar da ke tsakanin birni da ƙauye. Fastoci biyu sun gama makarantar tauhidi ɗaya a rana ɗaya. An tura ɗaya babbar majami'a a Jos ko Kaduna, an tura ɗaya wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Idan kowace majami'a ita kaɗai ke biyan nata, to albashin mutum ya dogara ga arzikin garin da aka tura shi, ba ga aikinsa ba. Daga nan kamun ƙafa ke shigowa a lokacin canjin wurin aiki. Maganin wannan shi ne ma'auni ɗaya na albashi a gunduma ko a ɗarika baki ɗaya, da asusun haɗin gwiwa da mai ƙarfi zai tallafi marar ƙarfi. EYN ta ga amfanin irin wannan zumunci a 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi, fastoci da yawa suka zama 'yan gudun hijira tare da garkensu. Faston da majami'arsa ta ƙone, wa zai biya shi in ba 'yan'uwa na nesa ba?

Ba zan rufe ido ga ɗaya ɓangaren ba. Akwai wuraren da makiyayi ya mai da garke abin tatsa, yana tsorata talaka da la'ana in bai kawo ba, yana rayuwar da babu wanda ke zaune a benci zai iya mafarkinta. Yunwar wancan da almubazzarancin wannan tushensu ɗaya: ba wanda ya zauna a fili ya yanke abin da ya dace, ba kuma wanda ya ga takarda.

Akwatin baiko

A sura ta 12 ta littafin Sarakuna na biyu, an bar kuɗin gyaran Haikali a hannun firistoci, amma har shekara ta 23 ta sarautar Yowash ba a gyara komai ba. Sai Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagade. In kuɗi suka taru, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga, su ɗaure a jaka, a miƙa wa masu lura da aiki. Da aka canza tsarin, aiki ya tafi. Mutanen ba su canza ba, hanyar riƙe kuɗin ce ta canza.

Bulus ma haka ya yi. Lokacin da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Sura ta 8 ta wasiƙa ta biyu zuwa ga Korintiyawa ta nuna ya haɗa Titus da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa, domin kada wani ya sami abin zargi. In manzo ya nemi shaidu a kan kuɗi, wane ne a cikinmu zai ce an ci mutuncinsa don an nemi rasit?

Abin da wannan ke nufi a aikace ba shi da wuya. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko nan take bayan sujada, su sa hannu, kuma a riƙa sauya su. A kai kuɗi banki kafin a taɓa ko kwabo. Kada mai ƙirgawa ya zama shi ne mai rubutawa, shi ne kuma mai cirewa. Fasto ya san komai game da asusu, amma kada kuɗi su kwana a gidansa. Kuɗin da aka tara don rufin majami'a su tafi rufi. Sau ɗaya a shekara a kira mai binciken kuɗi daga waje, wanda ba ɗan majalisa ba ne, ba kuma surukin ma'aji ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma waɗannan ƙa'idoji amintaccen ma'aji suke fara karewa kafin kowa.

Hukuma ma ta sa ido. A watan Agusta na 2020 aka sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, CAMA, wadda sashe na 839 nata ya ba hukumar rajistar kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya, har da ta addini, in an sami rashin gaskiya wajen tafiyar da ita. Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, ta yi adawa da wannan sashe, kuma tsoron katsalandan ɗin gwamnati tsoro ne mai dalili. Amma hujjarmu mafi ƙarfi a gaban kowace hukuma ita ce littafin lissafi mai tsabta da membobinmu suka riga suka gani.

Wa ke yanke shawara

Gunaguni na farko da aka rubuta a tarihin ikkilisiya a kan rabon kaya ne. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, masu jin Helenanci sun koka cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su kira wannan tawaye ba. Sun tara dukan masu bi, suka ce su zaɓi mutum bakwai da za a danƙa wa aikin, kuma jama'a ce ta zaɓa. Sunayen bakwai ɗin, har da Istifanas, duk na Helenanci ne. An miƙa amanar ga ɓangaren da ya yi kuka. Wannan darasi ne gare mu, mu da muke da sashen Hausa da sashen Turanci a ƙarƙashin rufi ɗaya, da ƙabilu goma a benci ɗaya.

A takarda, tsarinmu yana da kyau: majalisar majami'a, ta gunduma, da babbar majalisa. A aikace kuwa, sau da yawa an gama shawara a falon wani mai kuɗi kafin a kira taro, sai a karanta rahoto da Turanci cikin gaggawa, a ce masu goyon baya su ce amin. Matan zumunta, waɗanda kowa ya san su ne ƙashin bayan baiko da hidima, ba a tambayarsu. Matashin da ya ɗaga hannu a ce ba shi da ladabi. Wanda aka hana magana a taro, zai yi ta a kasuwa, ko ya rufe aljihunsa, ko ya bar majami'ar.

Ba ina cewa a kaɗa ƙuri'a a kan kowane kwan lantarki ba. An zaɓi dattawa domin su tafiyar da al'amuran yau da kullum, sai a bar su su yi. Amma kasafin shekara, da ma'aunin albashi, da cin bashi, da saye ko sayar da fili, da fara babban gini, waɗannan na jama'a ne. A raba takardar mako biyu kafin taro, a karanta ta da harshen da tsohuwa mai sayar da ƙosai za ta fahimta, domin kuɗinta na ciki. In an zo maganar albashin fasto, ya faɗi bukatunsa ba tare da kunya ba, sa'an nan ya fita a tattauna. Abin da aka yanke a rubuta, a biya a kan lokaci, a sake dubawa kowace shekara.

Kammalawa

Iyayena fastoci, ku ne za ku fara neman a bincika asusu, kada ku jira a nema daga gare ku. Dattawa, kada a fara sabon gini alhali ana bin ku albashin mai bishara na wata uku. Iyayena mata da matasa, ku zo taron shekara, ku yi tambaya cikin ladabi, kada kuma ku fasa bayarwa. Kuɗin da ke cikin akwatin nan na Allah ne, daga gumin talakawansa suka fito, kuma dukanmu za mu ba da lissafinsu a gabansa. Ina roƙon kowane ɗayanku, in ya koma gida, ya nemi a karanta lissafin majami'arsa a gaban jama'a kafin wannan shekara ta ƙare.

Allah ya ba mu aminci a kan abin da ya danƙa mana.