Littafin Farko da Kuɗin Aljihu

Matashin da ya rubuta labarin aljanu da mayaƙa, ya ce da kuɗinsa zai buga, kada a raina masa. Gandoki da Ruwan Bagaja, daga gasar rubuta labarai ta 1933, cike suke da irin wannan al'ajabi, sai dai su hukuma ta buga su. Shi kuwa shi ke biyan maɗaba'a, shi ke kai wa 'yan littafi kwali a Sabon Garin Kano, su karɓa sai an sayar.

Gyara ne ke damuna. Takobi na walƙiya a bangon littafin, amma a babi na uku sunan sarkin aljanu ya canza. Da takarda ta yi tsada, kuɗin mai gyara ake fara yankewa.